Tsofaffin sifikoki uku a Harajin Sawarikh: wacce za ta zauna da Pioneer SX-780?

Abu_Fatima_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Amfilifayata Pioneer SX-780 ce, lafiyarta ƙalau. An nuna mini tsofaffin sifikoki iri uku a Harajin Sawarikh, kasuwar kayan gwanjo ta Jidda: AR-3a, Pioneer HPM-100, da Sansui SP-2500 mai ragar katako a gaba. Kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Majalisin da za a sa su mita 4 ne a mita 5, ƙasa tayil, bango siminti, kuma zaman ƙasa muke yi, mu jingina da bango. Abin da aka fi saurara karatun Alƙur'ani ne da wa'azi, sai tsofaffin waƙoƙin Hausa da na Sudan a kaset. Wacce zan ɗauka, me zan duba kafin in biya, kuma a ina zan ajiye su?

Injiniya_Sale:
Wa alaikumus salam Abu Fatima. Ka fara cire AR-3a daga lissafi muddin SX-780 ce za ta ja ta. Ba don sifikar ba ta da kyau ba. Om 4 ce (om awon turjiyar sifika ga wuta ne, in ya yi ƙasa amfilifaya ta fi wahala), kuma a wasu sautukan tana sauka ƙasa da haka. Akwatinta a rufe yake ruf, iskar da ke ciki ce ke riƙe wufar (babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri), shi ya sa take cin wuta. Ƙarfin jinta, wato ƙarar da take bayarwa da wuta kaɗan, wajen 86 dB ne (dB awon ƙara ne), HPM-100 kuwa om 8 ce, wajen 92 dB. Duk bambancin 3 dB ninkin wuta ne, to 6 dB ninki huɗu ke nan. Ƙarar da HPM za ta ba ka da wat 10, sai AR ta ci wat 40 kafin ta kai wurin. SX-780 wat 45 take bayarwa a kowane gefe a kan om 8, ka ga ba sauran rara. Ga shi kuma ƙarshen wutarta a cikin wasu baƙaƙen ƙulluka guda biyu yake, STK-0050, waɗanda aka daina ƙerawa tuntuni. Idan ɗaya ya ƙone, mafi yawan abin da za ka samu a kasuwa kwaikwayo ne. Zafin Jidda, da om 4, da ƙara mai yawa, su ne ke kashe su.

Dattijo_Hindawiyya:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka sake duba abin da bawan Allah ya ce yana saurara. Karatu da wa'azi murya ce, murya kuwa a tsakiyar sauti take. A cikin ukun nan babu wadda ta kai AR-3a fitar da murya yadda take. Tun 1967 da ta fito, sifikarta ta tsakiyar sauti da tuwitarta (ƙaramar mai fitar da siririn sauti) masu kumburin rabin ƙwallo su ne abin da aka san ta da shi. HPM-100 ta 1976 ce, an yi ta ne don kiɗa mai duka, samanta na da kaifi. Ka haɗa wannan kaifin da tayil da siminti, harafin sin da sad za su riƙa sukar kunne. Mai sauraren karatu ba ya wuce wat 2 ko 3 a ɗaki irin wannan. A wannan ƙarar SX-780 ba za ta ji komai ba.

Injiniya_Sale:
Baba, na yarda a kan murya. Matsalar ita ce majalisi ba na mutum ɗaya ba ne. Ranar suna ko sallah wani yaro zai murɗa ta ya wuce rabi. Idan amfilifaya ta kai iyakarta tana yanke kan sautin, wannan yankakken sautin kuma cike yake da kaifi da ke tafiya kai tsaye ga tuwita. Tuwitar AR-3a ta asali ba ta samuwa cikin sauƙi. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta fi babbar da ke tafiya a natse ƙona tuwita.

Ummu_Hanan:
Kafin a kai ga wacce ta fi, a fara da wacce ke da rai. Malam Abu Fatima, ka tafi da abu uku: mitar awon wuta, batirin tocila mai bolt 1.5, da fitilar waya.

Ka cire wayoyin baya, ka sa mita a kan om. Sifika mai om 8 za ta nuna tsakanin 5.5 da 7, mai om 4 za ta nuna wajen 3. Abin da ya fi muhimmanci shi ne biyun su yi kusa da juna. Idan ɗaya ta ce 6.2 ɗayar ta ce 3.8, an taɓa canza wufa. Idan mita ba ta motsa ba, kwayil (naɗin wayar da ke motsa wufa) ya yanke ko waya ta tsinke a ciki.

Sai ka buɗe yatsunka biyar a kewayen hular tsakiyar wufar, ka tura a hankali, daidai wa daida. Kada ka ji gogayya ko ƙaras-ƙaras. In ka ji, kwayil ya taɓa yin zafi ya kumbura, ko maganaɗisu ya goce. A AR-3a, da yake akwatin rufaffe ne, idan ka saki ya kamata wufar ta dawo a hankali, ta ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya. In ta dawo fit, iska na zurarewa ta wani wuri.

Batirin kuma ka taɓa shi a bakin wayar na ɗan lokaci kaɗan, gefen + na batirin a kan ja. Wufar ta fito waje. Duka biyun su yi haka. In ɗaya ta shige ciki, wani ya juya waya a cikin akwati.

Dan_Kassala:
Ƙari a kan na Hajiya: a kunna su da ƙara kaɗan, ka naɗe takarda kamar bututu ka kara kunne a kan kowace ƙaramar sifika ɗaya bayan ɗaya. A hayaniyar kasuwa ba za ka gane tuwita ta mutu ba sai da haka. Ita ƙaramar ta can sama a HPM-100, mai kama da rabin gwangwani, daga 12,000 Hz (Hz awon siranta ko kaurin sauti ne) take fara aiki. Wanda ya haura shekara hamsin ba lallai ya ji ta ba ko tana da lafiya, sai a tafi da yaro mai kunne.

Mai_Gyara_Kilo_Sabaa:
Abin da ya fi kashe kayan nan a Jidda ba wuta ba ce, raɓa ce. Ka kwantar da akwatin ka duba gindinsa. Yawancinsu katakon dusa ne aka lulluɓe da fallen katako mai kyau. In ya sha ruwan wankin tayil ko ɗigon mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) sai ya kumbura, ya riƙa marmashewa, sukurori su daina kamawa. Wannan ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Kayan da suka zauna a Riyad ko Madina sun fi tsira daga wannan, amma can bushewa ce ke fasa gam da fallen katakon.

Na biyu shi ne zoben da ke kewaye da wufa. HPM-100 da Sansui zobensu na yadi ne da aka shafa wa wani danƙo, ba ya ruɓewa, sai dai ya yi tauri. AR-3a ta farko-farko ma yadi ce, ta baya soso. Soso kuwa shekara 15 zuwa 20 yake yi, a zafi da laima bai ma kai haka. In ka taɓa shi ya maƙale a yatsa ko ya farfashe, ya gama. Kada a kunna ta a haka ko na minti ɗaya, domin zoben ne ke riƙe kwayil a tsakiya.

Abu_Fatima_Jidda:
Allah ya saka da alheri. AR ɗin sosonta ya zube gaba ɗaya, mai kayan ya ce akwai wanda zai sa mata na roba. Sauran biyun zobensu lafiya.

Mai_Gyara_Kilo_Sabaa:
Kada ka yarda da roba. Roba ta fi soso nauyi da tauri, wufar ba za ta sauka ƙasa yadda aka tsara ta ba, kuma wannan saukar ita ce dukiyar AR. Wufarta ma ba ta yi daidai da inci 12 na kasuwa ba, zobenta na musamman ne, sai an yi oda da sunanta. Aikin kansa ba wuya, haƙuri yake so. A kwance wufar a yi wa wayoyin alama. A kankare tsohon soso daga ƙarfen da reza, daga kwalin kuma da yatsa da ɗan sifirit kaɗan, kada kwalin ya jiƙe. A fara manna bakin ciki a jikin kwali da farin gam mai ruwa, a bar shi awa guda. Sannan a daidaita kwayil: ko a yanke hular tsakiya a soka siraran filastik uku ko huɗu tsakanin kwayil da ƙarfe, ko a ba ta sauti na 40 Hz da ƙara kaɗan ana manna bakin waje, ana saurare har gogayya ta ɓace. A bar ta awa 24. Sufa gulu haram ne a wannan aikin, yana bushewa ya yi ƙarfi ya yaga soson. Idan za a mayar, a sa sabon abin toshe iska tsakanin ƙarfen da katako. A kula da audugar gilashi da ke cikin akwatin, a sa safar hannu da takunkumi.

Bayan haka akwai maɓallan baya guda biyu na AR-3a, na tsakiya da na sama. Kusan duk wadda ka samu sun yi koren tsatsa, shi ya sa tuwita ke ɗaukewa tana dawowa. Mutane da yawa na zaton tuwitar ce ta mutu alhali maɓallin ne.

Sadauki_77:
Ni fa ban ga abin da ya sa ake tsallake Sansui ba. Ita ce mafi sauƙin ja a cikinsu, wat 5 ya isa ya cika majalisin nan. Om 8, zoben yadi, babu aikin gyara. SX-780 ko ɗumi ba za ta yi ba. Ga kyau a ɗaki.

Dattijo_Hindawiyya:
Kyau kam akwai, ragar nan aikin hannu ce mai kyau. Amma ƙananan sifikoki da yawa a fuska ɗaya suna taka juna, murya ba ta tsayawa wuri guda a tsakiya. Tuwitocinta masu bakin ƙaho ne, sun fi na HPM tsini a ɗakin da babu kafet. Wufar kuma mara nauyi ce mai taurin zobe, an yi ta don ƙara, ba don zurfi ba. Kalangu zai fito da kyau, amma ƙugin babbar ganga ba zai sauka ba.

Sadauki_77:
Baba, kaset ɗin da zai saurara mene ne a cikinsa ƙasa da 60 Hz? Tsofaffin ɗaukar nan babu zurfi a cikinsu tun asali. Kuma tana da maɓallin rage sama.

Ummu_Hanan:
Maganar Sadauki tana da ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai kaset na da shuu, sifika mai kaifi kuma ita ce ke fito da shi fili.

Malam_Nuhu_Riyad:
Ku bar ni in koma kan ɗakin, domin a ganina shi zai yanke hukunci fiye da sunan sifika. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Ka raba wannan da ninkin tsawon ɗaki, za ka samu sautin da ɗakin ke kumburawa da kansa. Mita 5 na ba da 34 Hz, mita 4 na ba da 43 Hz, rufi mai mita 3 na ba da 57 Hz, sai ninkinsu: 68, 86, 114. Inda waɗannan suka fi taruwa shi ne jikin bango da kusurwa. Zaman majalisi kuwa kowa kansa a jikin bango yake. Wato duk mai zaune zai ji bes, wato sauti mai kauri, ya fi yadda yake, komai sifikar da aka sa.

Saboda haka, Abu Fatima, ka jera su a bangon mita 4, suna harba tsawon ɗakin. Kada ko ɗaya ta shiga kusurwa: ka bar aƙalla santimita 60 daga bangon gefe, 30 zuwa 40 daga bangon baya, kuma kada tazarar gefe da ta baya su zama iri ɗaya. Tsakaninsu mita 2 zuwa 2.3. Ramin iskar HPM-100 a gaba yake, don haka tana jure kusantar bango fiye da masu rami a baya, amma duk da haka in ka manna ta za ta yi gunji.

Tsayi kuma, littattafan Turawa na maganar mai zaune a kujera ne, kunnensa wajen santimita 95 daga ƙasa. Mai zaman ƙasa kunnensa wajen 70 yake. HPM-100 tsayinta santimita 67, to ɗan dandamali na santimita 15 zuwa 20 ya isa ya kawo tuwita saitin kunne, ya kuma raba wufar da tayil. Kada a ɗora su a kan kabad ko a rataye su kusa da rufi kamar na masallaci. A sa roba ko guntun kafet a ƙarƙashin dandamalin.

Kafet mai kauri tsakanin sifika da wurin zama wajibi ne. Ka tafa hannu a tsakiyar ɗakin, in ka ji wani zirrr na bin tafin, bango biyu ne ke jifan juna da sauti. Labule mai nauyi a gefe ɗaya ko kantar littattafai na kashe shi.

Dan_Kassala:
Malam Nuhu, wurin zama mafi kyau fa? Mita 5 ya yi nisa da sifikokin da ke da tazarar mita 2.

Malam_Nuhu_Riyad:
Haka ne. Ƙa'ida ita ce nisanka da kowace sifika ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsu, ko ya ɗan fi. In mutum shi kaɗai zai saurara, ya jawo matashi ya zauna wajen mita 2.5 daga gare su, amma ba a tsakiyar ɗaki cif ba, nan bes ke ɓacewa. In taro ne a jikin bango, a kashe maɓallin loudness, a rage bes da ɗigo ɗaya ko biyu, a sa matasai masu kauri a bayan kai. Ga HPM kada a karkato su su kalli fuska kai tsaye, a bar su suna kallon gaba, a rage maɓallin sama da ke fuskarsu kaɗan. Da haka kaifin da Baba Dattijo ke tsoro zai ragu sosai.

Bakatsine_Makka:
Tambaya a gefe. In aka sayi biyu, a sa HPM a mahaɗar sifika ta A a bayan amfilifaya, Sansui a ta B, a kunna tare?

Injiniya_Sale:
Om 8 biyu a haɗe om 4 ne, amfilifayar za ta ɗauka amma za ta yi zafi. Da AR ce a ciki, 4 da 8 na ba da ƙasa da 2.7, wannan kisa ne. Ta fuskar sauti ma asara ce, Sansui za ta danne HPM, kuma sifika huɗu a ɗaki ɗaya suna cinye wa juna wasu sautuka. A da B an yi su ne don ɗaki biyu.

Tun da an zo nan, Abu Fatima, ka auna amfilifayar kanta kafin ka haɗa mata kowace sifika. Ka kunna ta minti 10, ƙara a sifili, babu sifika, maɓallin A a danne, mita a kan milibolt na wutar batir a bakin wayar sifika. Ƙasa da 50 lafiya. In ya haura 100 a kai ta gyara.

Hamza_Kahraba:
A kula da soket. Tsofaffin gidaje a Jidda da Makka har yanzu akwai masu layi biyu, 127 da 220, sababbi kuma 230 ne. Ka duba bayan SX-780: wasu na da abin zaɓen bolt, 110, 120, 220, 240, wasu kuma na Amurka ne, 120 kawai. In layinka 230 ne ka sa ta a 240, ba 220 ba, taransifomar za ta fi sanyi. In ta Amurka ce sai da taransifomar rage wuta mai aƙalla wat 500. Kayan da aka yi don cikin Japan bolt 100 ne, ko 127 ya yi musu yawa. Kada a dogara da siffar soket, a sa mita.

Bakatsine_Makka:
In mutum zai tura su gida ta kago fa? Wutar nan 60 Hz ce, ta Najeriya da Nijar 50.

Hamza_Kahraba:
Sifika ba ruwanta da wannan. Amfilifaya mai abin zaɓen bolt an yi ta don duka biyun. Wadda aka yi don 60 kaɗai za ta ɗan fi zafi a 50. Inda matsala take shi ne na'urar faifai mai motar da ke bin bugun wuta: ta 60 in ta je gida za ta yi jan ƙafa, ta 50 in ta zo nan za ta yi gudu da kashi 20 cikin ɗari. Masu kwatz, wato masu motar da ba ta bin bugun wuta, irin Technics SL-1200MK2, ba su damu ba. Wajen ɗauri kuma, kowace HPM ta haura kilo 25, a rufe fuskarta da falanki, a cika kusurwoyi da soso mai tauri.

Dan_Kassala:
Mu nan Sudan 50 Hz ce, kuma akwai masu amfani da sola. Inbata mai arha da ba ta fitar da wuta mai santsi tana sa taransifomar tsohuwar amfilifaya kuka da zafi, har a ji zzz a tuwita. Sai mai tsaftatacciyar wuta. Ƙura kuma na shiga maɓallan sifika, a riƙa murza su gaba da baya sau ashirin bayan an fesa maganin wanke maɓalli, ba man cire tsatsa ba.

Ummu_Hanan:
Ba a taɓo kafasitocin allon raba sauti ba. Kayan da suka kusa shekara 50, waɗanda ke da ruwa a ciki sun bushe ko awonsu ya goce, sai tuwita ta dushe ko kuma ta riƙa karɓar sautin da ya fi ƙarfinta. A canza su da masu awo iri ɗaya cif, marasa kai da gindi (waɗanda ba su da gefen + da -), bolt 100 ko sama. In babu awon a kasuwa, a haɗa biyu gefe da gefe, awonsu na taruwa: 2.2 da 2.2 sun ba da 4.4. A yi wa akwati biyun tare, kada a yi ɗaya a bar ɗaya.

Dattijo_Hindawiyya:
Hajiya, a nan ina da ja. A saurara wata guda tukuna. In an cika allon da sababbin kafasitocin filastik, HPM na ƙara haske, ita da dama haskenta ya isa. A auna, wanda ya goce da fiye da kashi 10 cikin ɗari a canza shi da takwaransa a ɗaya akwatin, sauran a bar su.

Sadauki_77:
Waya fa? An ce sai mai tsada.

Hamza_Kahraba:
Tagulla zalla mai kauri milimita 1.5 ta isa har mita 5 a om 8. In ya fi haka ko om 4 ce, 2.5. Ka kankare bakin wayar da wuƙa a shago, in cikinta fari ne, alminiyom ce aka yi wa rufin tagulla, ka bar ta. Ka murɗe silin da kyau, sili ɗaya da ya taɓa maƙwabcinsa a bayan amfilifaya ya isa ya ƙona STK ɗin da Injiniya ya ambata.

Abu_Fatima_Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zuciyata ta fi karkata ga HPM-100, da kafet da dandamali kamar yadda Malam Nuhu ya tsara. Amma maganar Baba Dattijo a kan murya ta tsaya mini. In na ɗauki AR ɗin na gyara a hankali, wace amfilifaya ce za ta ja ta?

Injiniya_Sale:
Mai wat 80 zuwa sama wadda aka rubuta om 4 a bayanta. Sansui AU-717 wat 85 ce, tana da taransifoma biyu, za ta riƙe ta. Sai dai a buɗe a duba gam ɗin da aka manna manyan kafasitoci da shi a kan allo, in ya koma baƙi-baƙi yana cin ƙafafun kayan da ke kusa, dole a kankare shi.

Dattijo_Hindawiyya:
Kafin ka biya ko wacce, ka roƙi mai kayan ya bar ka ka haɗa SX-780 ɗinka, ka tafi da kaset ɗin karatun da kunnenka ya saba da shi. Ka saurari HPM da Sansui a ƙara ɗaya, domin wadda ta fi ƙara kullum ita ke fara burge kunne. AR kuwa ba za ta gwadu ba sai an sa mata soso, don haka kuɗinta ya kamata ya sauka sosai, kuma a auna tsakiyarta da tuwitarta da mita ɗaya bayan ɗaya a gabanka.

Mai_Gyara_Kilo_Sabaa:
Ka ɗauko hoton gindin akwatunan da na bayan wufar HPM ɗin ka sa mana a nan. Akwai masu sa wufar mota a cikinsu, daga gaba ba a ganewa sai an kwance.